Fentin Ɗakin Inna

Kazan, watan Agusta

Yaya Asalbegim,

Gaisuwa daga ƙaninki. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da Inna da Kawu Odinabek da duk mutanen Wardara. Mu nan lafiya lau, sai aiki. Matata Rezeda tana gaishe ku. 'Yarmu Leisan ta fara cewa "kaka" da harshenmu, ni na koya mata, ko da yake hoton Inna take nunawa ta nuna firij ma ta ce kaka.

Albishirinki. Bikin Nauruz mai zuwa, na sabuwar shekararmu, a gida zan yi shi, da matata da 'yata. Ki gaya wa Inna ni zan fara shiga ɗaki da safiyar sabuwar shekara, ta tanadi garin alkamar da za ta shafa mini a kafaɗa.

Sai dai akwai abin da ya hana ni sakat. Shekarun nan duka ina fentin gidajen mutane, kullum na gama ɗaki na ja baya na dube shi sai babban ɗakinmu ya faɗo mini a rai: bango baƙi, rufi baƙi, ginshiƙan nan biyar baƙi ƙirin da hayaƙin kakanni. Rezeda a bene ta tashi, ba ta taɓa kwana inda kunkunniya ke faɗowa cikin shayi ba. Ba maganarta nake tsoro ba, ba mai yawan magana ba ce. Tsorona ta shiga, ta ɗaga kai, ta yi shiru.

Na ba Mamadnazar direba wani kwali mai launuka. Ku zauna ke da Inna ku zaɓa, ni zan aiko da fentin. A gama kafin sanyi, wari ya fita kafin mu zo. Kada ki yi mini irin jan ƙafarki.

Ƙaninki,
Shirinbek

Wardara, watan Satumba

Malam mai fenti,

Mun samu takardarka, muna amsa gaisuwa. Lafiya muke, an gama yankan ciyawa, saniya ta haihu. Kawu yana nan da ciwon bayansa da bakinsa.

Ni ce mai jan ƙafa? Kai da ka tafi da cewa rani ɗaya za ka yi, ga shi har ka yi aure ka haihu Inna ba ta ga ko yatsan jikarta ba. To, na ji. Da na karanta mata cewa kai za ka fara shiga ɗaki ranar Nauruz, tashi ta yi ta je ta taɓa buhun alkama, ta dawo ta zauna. Ta sa na maimaita wurin sau ba adadi.

Kwalinka ya zaga ƙauye kaf. Goggo Nazarmo ta maƙwabta ta ce ruwan hoda, wai ɗaki zai zama kamar na amare. Kawu ya ce kore, na ce masa ai ba makaranta za mu buɗe ba. Akwai wani shuɗi da aka rubuta wa "safiyar teku", an yi ta musu a kansa, alhali babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinmu. Ni dai shi na zaɓa wa bango, don ba ya cika ido.

Yanzu ka nutsu ka ji. Inna ta karɓi kwalin ta tsaya ƙarƙashin tagar rufi, ta kawo shi har kan hancinta, ta daɗe. Ba ta bambance shuɗi da kore ba. Na kai ta asibitin garin Horog da bazara, ban gaya maka ba don ta hana ni. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, ya ba da maganin ɗigawa. Na dama ya riga ya tafi. Da na hagu take ganin fuska in an matso.

Na ce, "Inna, wanne kike so?" Ta ce, "Wanda zai kawo shi."

Na ce, "To ginshiƙan fa da katakon rufi?" Ba ta ce komai ba. Ka dai san Inna.

Yayarka,
Asalbegim

Kazan, ƙarshen Satumba

Yaya,

Ina gaishe ku, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Maganar ido ta dame ni, amma kada ki ɗauki maganar likita ɗaya. Zan zo mata da tabarau mai kyau, kuma ɗaki mai haske shi ne ma maganin mai raunin gani. Wa zai ga wani abu a cikin wannan duhun?

Na ji daɗi da Inna ba ta yi gardama kan ginshiƙan ba, don nan na zaci za a sha daga. Tunda ta yarda, fari za a yi musu, da katakon rufi, da bakin dakalin da ake hawa a zauna. Bango kuma shuɗinki. Na sayi fenti mai launin ruwan madara na mayar, na sake saye na sake mayarwa, har mai shagon ya fara gaishe ni da suna. Daga ƙarshe na ga gaskiyarki.

Gwangwanayen suna motar Mamadnazar. Fentin mai ne, mai sheƙi, da tsumma za ki riƙa goge shi. A kankare kunkunniyar tas, a wanke, a bari ya bushe sosai. Kada ku bar Kawu ya tsinka shi da fetur don ya yi auki.

Shirinbek

Wardara, watan Oktoba

Shirinbek,

Muna lafiya, sai dai gwiwar Inna, zan zo kanta. Ina fatan iyalinka lafiya.

Wa ya ce maka ta yarda? Na rubuta maka ba ta ce komai ba. A cikin wannan matar ka kwanta wata tara, amma ba ka san cewa in ta yarda magana take yi ba? Da gwangwanayen suka iso na so in ɓoye farin, sai ta ji ƙararsu ta ce, "Abin da ya ce a yi, a yi." Tsoro take kada a saɓa maka ka fasa zuwa. Raina ya ɓaci da kai ƙwarai, kuma har yanzu bai huce ba.

An yi gayya. Maza suka hau suka kankare, muka fito kamar masu haƙar gawayi, har burodin makon nan baƙi-baƙi muka ci. Da aka zo kan babban ginshiƙi Kawu ya ajiye buroshi ya ce shi hannunsa ba zai yi ba, ginshiƙin da ake jingina shimfiɗar jariri da shi, kakansa ya taɓa, ubansa ya taɓa. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni na yi bisimilla na shafa.

Kuma hayaƙin bai tafi ba. Da farin ya bushe sai ga shi yana ɓullowa ta ƙasa, rawaya-rawaya, kamar katifar mai fitsarin kwance. Muka ƙara shafi, ya ƙara fitowa. Wari ya kore mu gidan Goggo Nazarmo, muka sha labarin surukarta har kunnena ya yi zafi.

Da muka dawo, rana tana tsaka, haske ya sauko ta tagar rufi ya bugi farin nan ya watsu ko'ina. Inna ta rufe fuska da gyale. A da ɗakin duhu ne, haske ɗaya ne ke saukowa, da shi take gane inda take. Yanzu ko'ina ƙyalli, idon yana mata zafi yana ruwa. Ta zo sauka daga dakali ba ta ga bakinsa ba, ta faɗi. Ba karaya, amma gwiwar ta kumbura.

Ɗakinka ya yi kyau, ban hana ba. Amma kada garin neman gira a rasa ido. Na hagun yana raguwa, ina gani. Kada ka jira Nauruz. Ka taho yanzu kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya, ko kai da yarinyar ne.

Asalbegim

Kazan, watan Fabrairu

Yaya,

Ina gaishe ku da sanyi. Takardarki ta Oktoba sai yanzu ta zo hannuna, ta kwana a Dushanbe wajen wani da ya manta da ita a aljihun kwat. Da ta zo a kan lokaci ma ba na jin da an sake ni. Ki yi wa Inna sannu, ki rataya mata ƙyalle a tagar da rana.

Tabon nan ya hana ni barci. Laifina ne, akwai wani shafi da ake fara yi don ya toshe hayaƙi, na manta ban aiko ba. Da a ce Rezeda ta ga rawaya a kan fari gara ta ga baƙin yadda yake. Ga shi kuma mun kama wani babban gini, mai aikin ya ce wanda ya tafi kafin a gama kada ya dawo.

Don haka Nauruz ba zai yiwu ba. Da rani za mu zo, lokacin 'ya'yan itacen zardolu sun nuna, hanya ta yi kyau ga yarinya. Zan zo da maganin tabon in yi da hannuna. Ina ma tunanin ruwan madara zai fi farin sauƙi a idon Inna. Me kika gani?

Ki lallashe ta, ke kika iya.

Shirinbek

Wardara, watan Afrilu

Shirinbek,

Muna raye. Hanya ta buɗe shekaranjiya, ƙanƙara ce ta zaftaro ta toshe ta tun farkon sanyi, motar farko ita ta kawo takardarka. Wato Nauruz ya zo ya wuce ba mu san ka fasa ba.

Na gaya wa Inna hanya a rufe take. Ta ce maza suna ratsowa da ƙafa, ubanka ya sha yi. Ranar Nauruz muka fitar da komai waje kamar kowace shekara, shimfiɗu, tukwane, akwatuna, muka share ɗaki ni da ita. Ta ɗauki kwanon garin alkama ta nufi ginshiƙin wajen murhu, wanda muke kira na Nana Fatima, inda take farawa tun tana amarya. Ta dangwala ta shafa. Garin ya zame ya zube ƙasa. Ta sake, ya sake zubewa. A kan baƙin katako gari kamawa yake ya zauna har shekara ta zagayo, kowa ya shigo ya ga albarkar gidan a jiki. Fentinka santsi ne da shi kamar faranti. Ta jiƙa yatsa da yawu, ta gwada da madara, ya yi kwaɓi ya gangaro. Ko da ya kama ma, wa zai ga fari a kan fari?

Goggo Nazarmo tana leƙe ta ƙofa, ta ce, "Ikon Allah, albarka ta ƙi zama." Na ce mata ta je ta duba ko ta zauna a nata gidan. Amma Inna ta ji.

Ta ce in miƙo mata wuƙar yanka burodi. Ta tsaya tana kankarar ginshiƙin, ni ina kallo, har ta fito da baƙin katako kamar faɗin tafin hannu. Ta shafa gari a wurin, ya zauna. Haka ta bi biyar ɗin. Ban hana ta ba, kuma kada ka kuskura ka yi mini maganar fenti.

Sai aka zo shiga. Kawu ya yanko rassa yana tsaye zai yi sallama ya shigo a shafa masa gari, kowa ya samu ya koma ciki. Inna ta tare ƙofa ta ce a dakata, mai shiga yana hanya. Muka tsaya a waje cikin ƙanƙara, kayanmu a zube, duk gidajen ƙauye sun shiga sun fara ci. Tana riƙe da kwano tana fuskantar hanyar gada. Duk wanda ya gifta sai ta ce, "Asal, wane ne wancan?" Har rana ta karkata. Daga ƙarshe Kawu ya ce, "Yaya, sanyi zai kashe mu." Ta matsa, ta shafa masa garin, ba ta ce masa ko barka ba.

Ka ce in lallashe ta. Da me? Ka tambaye ni ruwan madara ko fari. Ka yi masa ruwan kwata in ka ga dama. Inuwa take gani yanzu, da fuska in ta zo daf da ita kuma hasken bai yi yawa ba. Ban san ko zai kai lokacin zardolu ba.

Asalbegim

Wardara, watan Yuni

Ƙanena,

Mun samu takardarka ta ban haƙuri da cewa farkon Yuli kuna tafe. Allah ya kawo ku lafiya. Inna tana zaune a gefena, ta ce duk abin da na rubuta sai na karanta mata, wai waccan takardar na tayar maka da hankali a banza. Ta ce in gaya maka tana lafiya, tana cin abinci, ta ajiye wa Leisan busassun 'ya'yan itacen tut.

Ƙyallin fentin ya kusa daina damunta. Ko ƙyallen taga ba ta ce in rataya ba kwanan nan.

Ka karanta da kyau. Ka taho.

Asalbegim

Kazan, watan Yuli

Yaya,

Alhamdu lillahi, kin sanyaya mini rai. Na san idon zai saba da hasken, ai na faɗa. Tunda ta samu sauƙi bari in ƙarasa hawa na ƙarshe na ginin nan, kada in bar shi a hannun yaran da ba su iya riƙe buroshi ba. Ƙarshen Agusta muna nan tafe, wannan karon ba fashi. Mun riga mun sayi tikiti.

Shirinbek

Kazan, watan Satumba

Yaya,

Mun iso lafiya, Leisan ta yi amai a hanyar Dushanbe amma ta warware. Har yanzu ɗanɗanon shayin gishirin Inna yana bakina. Mako ɗaya ya yi mini kaɗan.

Kin ga yadda kika firgita ni? Ina sauka mota Inna ta ce, "Wannan jar rigar fa, kai yaro ne?" Ta ce na rame, ta ce yarinya ta yi kyau da kitsonta biyu. Ta yaba shuɗin bangon a gabana. Na san ganin ya ragu, na ga tana yawan zama wuri ɗaya, ta kuma ƙi tabarau wai yana matse mata hanci. Amma ta gan mu. Da na makara, da ban yafe wa kaina ba har abada.

Rezeda kuwa ba ta daina maganar ɗakin ba. Na ɗauko buroshi zan rufe wuraren da Inna ta kankare, ta ƙwace ta ce nan ne ya fi kyau. Mata dai. Tun da muka dawo ta yi sanyi, ina jin kewarku ce.

Na bar gwangwanin maganin tabo a bayan ƙofa, ki rufe shi da kyau. Baɗi sai in yi.

Ƙaninki,
Shirinbek

Wardara, watan Oktoba

Shirinbek,

Muna lafiya. An kwashe dankali, an shigo da dabbobi. Inna ta je gidan Kawu, ni kaɗai ce a ɗaki, wannan ba za a karanta wa kowa ba.

Na rubuta takardar nan na yaga, na sake rubutawa na yaga. Inna ta sa na yi alkawari. Amma na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai, kuma akwai abin da nake nema a wurinka wanda ba zan iya nema ba sai na faɗa.

Ba ta gan ku ba. Da na rubuta maka ƙyalli ya kusa daina damunta, hasken idonta ne yake ɗaukewa. Da a ce ka zo a farkon Yuli, da ta ga fuskarka in ka durƙusa a gabanta, don ranar da aka fara tsinkar zardolu ta gane ni. Kafin Agusta ya shiga ko fitila ba ta gani.

Jar rigarka ni na raɗa mata, ina tsaye a bayanta kuna fitowa daga mota. Kitson yarinya ni ce. Ramarka da hannu ta ji lokacin da ta rungume ka. Kafin ku zo ta yi ta bitar ɗakin, daga dakali zuwa murhu, daga murhu zuwa ƙofa, har ta daina laluba. In za ta yi kuskure sai in yi tari. Ka ce mini in sha magani, ka tuna? Ta ce, "Ya yi nisan duniya ya zo, kada ya koma da nauyi." Matarka ta gane tun washegari, na ga tana juya mata hannun kofi ya zo daidai yatsunta. Kada ka yi mata faɗa, Inna ce ta roƙe ta.

Na yi fushi da kai har na gaji. Yanzu tausayinka nake ji, kuma ban so.

Da motarku ta haye gada, ta tsaya har ƙarar ta ɓace. Sai ta ce, "Asal, idon yarinyar wane iri ne? Baƙi irin nawa, ko mai haske irin na kakanta?"

Ni ma ban sani ba. Makon nan duka ƙafafun Inna nake kallo, ban tsaya na dubi 'yarka ba. Na tambayi Kawu ya ce ruwan zuma, Goggo Nazarmo ta rantse kore-kore ne. Hoton da kuka bari daga nesa aka ɗauka. Na so in zaɓi ɗaya in faɗa mata, na kasa, ƙaryar ta ishe ni.

Ka ɗauki Leisan ka kai ta bakin taga, ka dube ta da kyau, ka rubuto mini yadda yake. Kada ka ce mini mai kyau ne, ka faɗi launin. Kullum da safe in na kawo mata shayi sai ta tambaya, ni kuma ina cewa na manta.

Yayarka,
Asalbegim